Kamfanin Cisco da Masu Zuba Jari a Cikinsa: Tarihin Shekara 40

Duk saƙon da ya tashi daga wata kwamfuta ko wayar hannu zuwa wata ta intanet sai ya ratsa wasu na'urori da mai aikawa ba ya ganinsu, waɗanda ke girke a ɗakunan sanyi na kamfanonin sadarwa da bankuna da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati. Ƙera waɗannan na'urori sana'a ce mai zaman kanta wadda ta kafu a Amurka cikin shekarun 1980, kuma babu kamfanin da ya yi fice a cikinta kamar Cisco Systems na jihar Kalifoniya. Tarihin wannan kamfani ya haɗa abubuwa biyu da ba kasafai ake samunsu wuri guda ba, domin kamfani ne da ya shafe shekaru masu yawa yana ciniki yana cin riba, amma kuma hannun jarinsa ya jawo wa ɗimbin mutane ɗaya daga cikin manyan asarorin da aka taɓa gani a kasuwa. Hannun jari shi ne ɗan yankin mallakar kamfani da mutum ke saye, wanda ke ba shi haƙƙi a ribar kamfanin gwargwadon abin da ya mallaka. Waɗanda suka riƙe irin wannan yanki na Cisco sun kasu rukuni-rukuni, kayan da kamfanin ke sayarwa iri ɗaya ne a wurinsu duka, amma lokacin da kowa ya shiga da farashin da ya biya su suka raba mai arziki da mai asara.

Asalin sana'ar a Jami'ar Stanford

A farkon shekarun 1980 kowane babban kamfanin kwamfuta yana da tasa ƙa'idar sadarwa, wato jerin dokokin da kwamfutoci ke bi wajen tsara saƙo da miƙa shi ga juna. IBM yana da tasa, Digital Equipment yana da tasa, haka ma Xerox, kuma kwamfutar da ke bin wannan ƙa'ida ba ta fahimtar wadda ke bin waccan. A Jami'ar Stanford kowane sashe ya sayi irin kwamfutocin da suka dace da aikinsa ya haɗa su da waya a cikin gininsa, har aka wayi gari jami'a ɗaya tana da haɗakar kwamfutoci barkatai waɗanda ba sa iya musayar ko da gajeren saƙo. Na'urar da ta warware wannan matsala ita ce rauta. Kwamfuta takan yanyanka saƙo ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda za shi, sai rauta ta karanta adireshin, ta duba jadawalin hanyoyin da ta sani, ta tura ƙunshin ta hanyar da ta fi dacewa, kamar yadda ɗan kamasho a tasha ke tambayar matafiyi inda ya nufa ya nuna masa motar garinsu. Fifikon rautar Stanford shi ne tana iya aiki da ƙa'idoji daban-daban a lokaci guda.

Wannan na'ura aikin mutane da yawa ce. William Yeager, injiniya a makarantar koyon likitanci ta jami'ar, shi ya rubuta ainihin manhajarta, allon lantarkin da ke cikinta kuwa ya samo asali ne daga wanda Andy Bechtolsheim ya zana, mutumin da daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa Sun Microsystems. Waɗanda suka hango ciniki a cikinta su ne Leonard Bosack, mai kula da kwamfutocin sashen kimiyyar kwamfuta, da matarsa Sandy Lerner, mai kula da na makarantar nazarin kasuwanci. A watan Disamba na 1984 suka yi rajistar kamfani, suka ciro sunansa daga ƙarshen sunan birnin San Francisco, suka riƙa harhaɗa na'urorin a cikin gidansu da kuɗin da suka samu ta jinginar da gida da cin bashi a katunan banki. Lokacin ya yi musu daidai, domin tun ranar 1 ga Janairu 1983 haɗakar ARPANET ta ma'aikatar tsaron Amurka ta koma kan ƙa'idar TCP/IP, wadda ita ce tushen intanet ta yau, kuma jami'o'i da cibiyoyin bincike sun fara neman hanyar shiga cikinta.

Kamfanin ya fara sayar da rauta a 1986, kuma a shekarar ne rikici ya ɓarke tsakaninsa da jami'ar a kan wa ya mallaki fasahar, abin da ya sa Bosack da abokin aikinsa Kirk Lougheed suka ajiye aikinsu na Stanford. An sasanta a 1987, lokacin da jami'ar ta ba Cisco lasisin amfani da manhajar da allunan lantarkin a kan kuɗi kaɗan. An yi wa jami'ar tayin hannun jari a kamfanin, amma ofishinta na ba da lasisi ya ƙi karɓa bisa tsarin da yake bi a lokacin, ta haka wurin da aka haifi fasahar ya fita daga sahun masu rabo tun kafin a fara rabon.

Jarin kasada da abin da ake biya a kansa

Kamfani mai saurin girma yakan buƙaci kuɗi fiye da abin da cinikinsa ke kawowa, banki kuwa ba ya ba da rance ga wanda ba shi da kadarar jingina. Wannan giɓi ne masu jarin kasada ke cikewa a Kwarin Silikon, yankin kamfanonin fasaha na jihar Kalifoniya. Su mutane ne da ke tara kuɗi daga asusun fansho da jami'o'i da attajirai, su zuba a ƙananan kamfanoni da yawa a madadin wani kaso na mallaka, alhali sun san yawancin kamfanonin za su mutu, suna dogaro da cewa ɗaya ko biyu da suka tsira za su mayar da asarar sauran har su bar riba. Bosack da Lerner sun yi ta zagaya irin waɗannan ofisoshi ana sallamarsu hannu rabbana, duk da cewa kamfaninsu ya riga ya sami masu saye, har suka isa ga Don Valentine, wanda ya kafa Sequoia Capital a 1972 kuma ya taɓa zuba jari a Atari da Apple.

A ƙarshen 1987 Valentine ya zuba dala miliyan 2.5 ya karɓi kimanin kashi 30 cikin 100 na kamfanin, wanda ke nufin an ƙiyasta darajar Cisco gaba ɗaya a ƙasa da dala miliyan 10. Abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne sharuɗɗan da suka biyo shi, domin Valentine ya sami ikon zaɓar shugabannin da za su tafiyar da kamfanin, waɗanda suka kafa shi kuwa ba su sami yarjejeniyar da za ta kare kujerunsu ba. A 1988 ya kawo John Morgridge ya naɗa shi shugaba, mutum mai tsimi da tsananin kula da kashe kuɗi, wanda ya gina sashen talla da na kuɗi irin na cikakken kamfani. Zaman bai yi daɗi ba tsakanin sababbin manajoji da Lerner, kuma a watan Agusta na 1990 aka sallame ta, Bosack ya bi ta ya fita. Sun sayar da hannun jarinsu suka tashi da kimanin dala miliyan 170, dukiya mai yawa a ma'aunin kowa, amma ƙaramin abu idan aka gwada da abin da wannan kaso ya zama bayan shekara 10. Irin wannan rabuwa ta zama ruwan dare a tarihin Kwarin Silikon, saboda mai kafa kamfani da mai jarin kasada ba buri ɗaya suka shigo da shi ba: na farko yana son riƙe abin da ya gina, na biyu yana son kai shi kasuwa cikin 'yan shekaru ya mayar wa masu kuɗinsa da riba.

Shiga kasuwa da sayen kamfanoni

Ranar 16 ga Fabrairu 1990 Cisco ya sayar da hannun jarinsa ga jama'a karon farko a kasuwar Nasdaq, kowane ɗaya a kan dala 18, darajar kamfanin duka ta kama dala miliyan 224, cinikinsa na wannan shekara kuma kimanin dala miliyan 70. Daga nan abubuwa suka taru suka tura shi gaba. Kamfanoni da ma'aikatu sun cika ofisoshinsu da ƙananan kwamfutoci waɗanda dole a haɗa su, manhajar Mosaic ta 1993 da Netscape da ta biyo ta sun buɗe intanet ga mutanen da ba masana ba, gwamnati kuma ta janye daga tafiyar da babbar hanyar intanet a 1995 ta bar ta ga 'yan kasuwa. Kowane sabon kamfanin sayar da intanet sai ya sayi rauta, kuma kaso mafi tsoka na wannan ciniki Cisco ne ya kwashe. Hatta ƙa'idar BGP, wadda manyan haɗakoki ke amfani da ita wajen sanar da juna hanyoyi har yau, Lougheed na Cisco ne da Yakov Rekhter na IBM suka zana ta a 1989.

Ƙarfin kamfanin bai tsaya ga ingancin ƙarfe ba. Manhajarsa mai suna IOS ta zama abin da injiniyoyi suka ƙware a kai, kamfanin kuma ya ƙarfafa hakan da jarrabawar ƙwarewa, ya buɗe shirin koyarwa na Networking Academy a 1997, ya fito da takardar shaidar CCNA a 1998, wadda matasa masu neman aikin sadarwa a Najeriya da Nijar da Gana ke zana jarrabawarta har yanzu. Injiniyan da ya ɓata shekaru yana koyon umarnin na'ura ɗaya ba ya saurin ba maigidansa shawarar sayen wata, ma'aikatar da ta cika gininta da kayan kamfani ɗaya kuma takan ga sauyawa ya fi tsada a kan ci gaba da saye. Wannan ne ya ba Cisco damar sayar da kaya da tazara mai faɗi, inda abin da ke saura bayan cire kuɗin ƙera kayan yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na farashi.

A 1993 wata sabuwar na'ura ta fara barazana ga rauta a cikin gine-gine, wato suwic, wadda ke haɗa kwamfutocin ofis ɗaya cikin sauri da araha. Maimakon ya tsaya ƙera tasa daga tushe, Cisco ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Crescendo a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 100 ba, ya bi da Kalpana a 1994 da Grand Junction a 1995, daga cikinsu ya gina jerin na'urorin Catalyst waɗanda suka riƙa kawo masa biliyoyin daloli kowace shekara. John Chambers, wanda ya shigo kamfanin a 1991 ya zama shugaba a Janairu 1995, ya mayar da wannan dabara tsari: ya sayi StrataCom a kan kimanin dala biliyan 4 a 1996, kuma tsakanin 1993 da 2000 kamfanonin da aka haɗiye sun kai kimanin 70. Yawancin wannan saye da hannun jari aka biya shi, ba da tsabar kuɗi ba, ma'aikata ma da alkawarin hannun jari ake riƙe su. Saboda haka abu ya zama zagaye: tashin farashin hannun jari yana sauƙaƙa sayen kamfanoni, sayen kamfanoni yana ƙara ciniki, ƙarin ciniki yana sake ɗaga farashi. A 1999 Cisco ya biya dala biliyan 6.9 a kan Cerent, mai ƙera kayan sadarwa ta zaren gilashi, wanda cinikinsa na wata shidan farkon shekarar kimanin dala miliyan 10 ne kawai.

Ƙololuwar watan Maris na 2000

Idan farashin hannun jari ya yi tsada, kamfani yakan tsaga shi, ya ba mai guda ɗaya biyu ko mai biyu uku, ba tare da darajar abin da mutum ya mallaka ta sauya ba. Cisco ya yi haka sau tara tsakanin 1991 da 2000, ta yadda hannun jari guda na 1990 ya zama 288. Ranar 27 ga Maris 2000 kasuwa ta tashi farashin kowane ɗaya yana dala 80.06, wato wanda ya biya dala 18 a ranar farko ya riƙe bai sayar ba, ya mallaki abin da ya haura dala 23,000. A wannan rana darajar kamfanin ta kai kimanin dala biliyan 555, ya sha gaban Microsoft ya zama kamfani mafi daraja a duniya, shekara 15 da 'yan watanni bayan kafa shi.

Masu saye a lokacin suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ga ɗaruruwan sababbin kamfanonin intanet da ba su taɓa cin riba ba, suka ce ba sai an san wanda zai yi nasara a cikinsu ba, tunda dukkansu sai sun sayi rauta. Cinikin Cisco ya tashi daga kimanin dala biliyan 2 a shekarar kuɗi ta 1995 zuwa biliyan 18.9 a ta 2000, ribarsa ta wannan shekara ta kai kusan biliyan 2.7, Chambers kuma yana faɗa a bainar jama'a cewa girma na kashi 30 zuwa 50 cikin 100 a shekara zai ɗore. Inda hujjar ta yi rauni shi ne wajen farashi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen gane tsadar hannun jari shi ne a raba darajar kamfani da ribarsa ta shekara, kuma a tarihin kasuwar Amurka wannan adadi yakan kewaya tsakanin 15 da 20. Na Cisco ya kai kimanin 200, wato da ribar za ta tsaya yadda take a riƙa raba ta duka ga masu hannun jari, sai sun jira shekara 200 kafin uwar kuɗinsu ta dawo. Irin wannan farashi ba ya halatta sai idan kamfanin da ya riga ya zama ƙato zai ci gaba da ninka kansa shekara da shekaru ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba.

Akwai kuma tambayar da kaɗan ne suka yi ta, wato daga ina masu sayen na'urorin ke samun kuɗi. Dokar sadarwa ta Amurka ta 1996 ta buɗe ƙofa ga sababbin kamfanonin tarho, waɗanda suka ci bashi mai yawa suka sayar da hannun jari domin shimfiɗa zaren gilashi da sayen kaya. Sun dogara da wata magana da aka yi ta yaɗawa, wadda aka fi dangantawa da kamfanin sadarwa na WorldCom, cewa zirga-zirgar bayanai a intanet tana ninkawa duk kwana 100, alhali binciken Andrew Odlyzko da Kerry Coffman na ɗakin binciken AT&T ya nuna cewa ninkawar ta fi kusa da sau ɗaya a shekara. Masu ƙera kayan, har da Cisco, sun riƙa ba wasu abokan cinikin rancen da za su sayi kayan da shi. Fargabar matsalar kwamfutoci ta shiga shekarar 2000 ita ma ta sa ma'aikatu sun gaggauta sayayyar da da sun jinkirta. Kaso mai kauri na cinikin da ake yaba wa ya fito ne daga aljihun masu zuba jari da masu ba da bashi, ba daga ribar masu sayen ba.

Faɗuwa

Ma'aunin kasuwar Nasdaq ya kai ƙololuwarsa ta 5,048 ranar 10 ga Maris 2000, babban bankin Amurka kuma ya ci gaba da ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 6.5 cikin 100 a watan Mayu. Da kuɗi ya yi wuya, ƙananan kamfanonin intanet suka fara rufewa, sababbin kamfanonin tarho suka bi sahu, na'urorin da suka saya jiya suka dawo kasuwa a matsayin gwanjo suna gogayya da sababbi. Cisco yana alfahari da tsarin kwamfuta mai nuna wa shugabanni lissafin ciniki kusan kullum, amma tsarin ya nuna odar da aka yi ne, bai nuna buƙatar da ke bayanta ba. A lokacin ƙarancin kaya na 2000 masu saye sun riƙa ba da oda ɗaya ga dillalai biyu ko uku da niyyar karɓar wadda ta fara isowa su soke sauran, kamfanin kuwa ya ɗauki kowace oda da gaske, ya ɗaure kansa da alkawarin sayen kayan haɗi masu yawa daga masana'antun da ke ƙera masa.

Cinikin wata ukun da suka ƙare a Afrilu 2001 ya faɗi da kimanin kashi 30 cikin 100 idan aka gwada da wata ukun da suka gabace su. Kamfanin ya sallami ma'aikata 8,500, ya share kayan ajiya na kimanin dala biliyan 2.2 daga littafinsa a matsayin waɗanda ba za su sayu ba, ya rufe shekarar kuɗi ta 2001 da asarar kimanin dala biliyan 1. A watan Oktoba na 2002 hannun jarin ya sauka zuwa dala 8.60, faɗuwar da ta kusa kashi 90 cikin 100, Nasdaq kuma ya zube zuwa 1,114. Asarar ba ta tsaya ga 'yan caca ba, ta shafi asusun fansho da ma'aikatan da suka tara ajiyar tsufansu a hannun jarin, har da ma'aikatan kamfanin da suka ɗauki alkawarin hannun jari a matsayin rabin albashinsu.

Duk da haka Cisco ya fi takwarorinsa sa'a, domin ba shi da bashi mai nauyi, yana riƙe da kuɗi da kadarorin ajiya na kimanin dala biliyan 20, kuma yawancin cinikinsa da ma'aikatu da bankuna da gwamnatoci yake yi. Lucent, wanda aka ɓalle daga AT&T a 1996, hannun jarinsa ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, ya haɗe da Alcatel na Faransa a 2006, daga baya Nokia ya haɗiye su duka. Nortel na Kanada, wanda a 2000 shi kaɗai ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na darajar babban ma'aunin kasuwar Toronto, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairu 2009, aka sayar da shi gunduwa-gunduwa, masu hannun jarinsa ba su tsira da komai ba. Global Crossing da WorldCom, manyan masu sayen kayan, sun karye a 2002.

Kamfani ya warke, farashi bai warke ba

Cisco ya koma cin riba tun a shekarar kuɗi ta 2002, kuma wanda ya saya a ƙasan rami ya ga kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku kafin ƙarshen 2007, lokacin da farashin ya haura dala 30. Amma yanayin sana'ar ya sauya. Juniper Networks, wanda Pradeep Sindhu ya kafa a 1996, ya yagi kaso a cinikin manyan rautoci, Huawei na ƙasar Sin ya shigo da kaya masu araha ya mamaye kasuwannin Asiya da Afirka duk da ƙarar satar fasaha da Cisco ya shigar a kansa a 2003 aka janye a 2004, Arista kuma, wanda Bechtolsheim na cikin waɗanda suka kafa shi a 2004, ya kama cinikin manyan rumbunan bayanai na kamfanoni irin su Microsoft da Facebook. Yunƙurin Cisco na shiga kasuwar kayan gida bai yi armashi ba: ya sayi Linksys a 2003 ya sayar a 2013, ya sayi mai ƙera kyamarar Flip a kan dala miliyan 590 a 2009 ya rufe shi bayan shekara biyu. A ƙarƙashin Chuck Robbins, wanda ya gaji Chambers a 2015, kamfanin ya karkata ga manhaja da tsaron bayanai da kuɗin rajista na shekara-shekara, har ya sayi Splunk a kan dala biliyan 28 a 2024.

Alaƙarsa da masu hannun jari ita ma ta sauya kama. Daga 2001 ya fara sayen hannun jarinsa daga kasuwa, aikin da ya ci fiye da dala biliyan 100 ya rage adadinsu daga sama da biliyan 7 zuwa kimanin biliyan 4, ko da yake wani ɓangare na sayen ya tafi ne wajen cike gurbin sababbin da ake ba ma'aikata. A 2009 aka shigar da shi ma'aunin Dow Jones a madadin General Motors, a 2011 kuma ya fara rabon riba, santi 6 a kan kowane hannun jari duk wata uku, abin da ya ƙi yi tsawon shekara 21. Masu neman ninka kuɗi cikin sauri suka watse, masu neman ɗan abin da ke shigowa a kai a kai suka maye gurbinsu. A shekarar kuɗi ta 2023 cinikinsa ya kai dala biliyan 57, ribarsa biliyan 12.6, wato ciniki ya ninka na 2000 sau uku, riba kuma fiye da sau huɗu. Duk da wannan, farashin hannun jarin bai sake taka dala 80 ba sai a watan Disamba na 2025, bayan fiye da shekara 25, lokacin da hauhawar farashin kaya ta riga ta cinye kusan rabin ƙarfin dalar 2000, babban ma'aunin S&P 500 kuma ya ninka fiye da sau huɗu.

Hasashen masu saye na 2000 game da intanet ya tabbata, har ya wuce abin da suka zata, kamfanin da suka zaɓa kuma shi ne ya tsira a cikin takwarorinsa, amma hakan bai hana su asara ba, domin sun biya tun farko kuɗin ribar da sai bayan shekaru masu yawa za ta zo. Wannan ne ya sa sunan Cisco ya riƙa dawowa bakin manazarta lokacin da Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar lantarkin da ake gina ƙirƙirarriyar basira da ita, ya zama kamfani mafi daraja a duniya a 2024. Kamfanonin biyu sun bambanta a abubuwa da yawa, ciki har da ƙarfin aljihun masu sayen kayansu, amma abin da mai zuba jari a mai ƙera kayan aiki zai bincika bai sauya ba: ribar shekara nawa farashin ya riga ya haɗiye, kaso nawa na odar da ke littafi buƙata ce ta gaske, kuma kuɗin da masu sayen ke biya da shi daga cinikinsu ya fito ko daga rance da jarin wasu.